Da Sunan Yayana

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan sallar asuba

Jiya da la'asar aka tafi da Yaya Abdurra'uf daga shagonsa na gyaran waya a Maigatari. Matarsa Mansura ce ta kira ni, ina tsaka da duba littattafan 'yan ajina. Ta ce su uku ne, cikin kayan gida, da farar mota wadda ba lamba a jikinta. Ba su yi masa tsawa ba, ba su taɓa shi ba. Sun yi sallama, suka karanto masa wata lambar waya, suka ce tasa ce? Ya ce da sunansa aka yi mata rajista. Suka ce to ya ja ƙofa ya biyo su. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ne ya kai wa Mansura makulli.

Na ce ta tambayo min lambar. Ƙarshenta kawai mai shayin ya riƙe, sifili huɗu biyu.

Wayar da wannan layin yake ciki tana ƙasan akwatina a nan Gumel, nannaɗe cikin tsohon hijabi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da carbinta, ta ce in kira ƙanenta Kawu Sajo a Sule Tankarkar. Na kira shi. Sauran maganar ban faɗa mata ba.

Asabar, 27 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Kawu ya iso da hantsi a kan babur, ko ruwa bai tsaya sha ba ya fita. Ofis huɗu ya shiga a nan Gumel, sannan ya wuce Maigatari. Ko'ina amsa ɗaya ce, ba su da mai wannan suna. A na ƙarshe wani ya duba littafi ya duba, ya ɗago ya ce masa, "Baba, ka tabbata akwai mutumin nan kuwa?"

Kawu ya ce, "Ni na riƙe ragon sunansa aka yanka."

Ya dawo da Mansura a motar haya. Cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura. Ɗakina muka ba ta, ni na koma wurin Inna.

Lahadi, 28 ga Satumba, hantsi

Bari in rubuta ko sau ɗaya ne, tunda bakina ya kasa. Ni na rubuta Marasa Lamba.

Labari ne na shekaru saba'in masu zuwa. Ruwan sama ya ja baya, rijiyoyi duk sun koma hannun wata Hukuma da ba wanda ya taɓa ganin fuskar shugabanta. Duk jaririn da aka haifa ana dasa masa wata 'yar ƙwaya kamar ta gero a ƙarƙashin fatar wuyan hannu, lambarsa tana ciki. Ka miƙa hannu famfo ya ba ka ruwa, ka miƙa hannu ƙofar kasuwa ta buɗe. Wanda aka kashe wa lamba yana tafe yana numfashi, amma a wurin na'ura babu shi. Rabi'atu mai gyaran famfunan Hukuma ce. Wata rana ta gano cewa lambar da ke hannunta ta wata matacciya ce, daga gawa aka ciro aka dasa mata, saboda uwarta daga tsallaken iyaka ta zo. Ta shiga neman ko ita wace ce, a hanyar neman ta tarar da dubbai irinta, suka yanke ƙwayoyin daga hannayensu suka juya wa Hukuma baya.

Na fara shi ne bara, ranar da na raka Inna wani ofis. Tana bayani ta ce lakwal maimakon makaranta, yadda suke faɗa a garinsu can hayin iyaka. Ma'aikacin ya ture takardarta da bayan biro ya ce ta koma ƙasarsu ta yi. Shekara arba'in da ɗaya tana Gumel, a nan ta binne mijinta. A adaidaita muna dawowa sai gyara mayafi kawai take yi.

Ni malamar kimiyya ce a makarantar gwamnati, na ji tsoron sa sunana. Yaya ya ba ni wata tsohuwar waya da layinsa a ciki, yana dariya ya ce, "Ki yi ta tatsuniyarki, Naja." Babi ashirin na saki a guruf-guruf, ba suna. Wani da ban sani ba ya karanta shi da murya, masu turi suka riƙa zuba wa mutane a memori, har aka ce ana jinsa a Damagaram. Na ji daɗi. Wannan ma bari in rubuta, na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis ɗin makon jiya wasu suka zo ƙofar kara, kasuwar dabbobi, a Maigatari da na'urar ɗaukar yatsa, suka ce ba mai shiga da dabba sai an ɗauki nasa. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Washegari aka ga an rubuta da gawayi a jikin bango: Mu ne marasa lamba. Maganar Rabi'atu ce a babi na goma sha bakwai.

Gobe zan je in faɗa.

Litinin, 29 ga Satumba, azahar

Na je makaranta, na koyar da zagayen jini. Ban je na faɗa ba. Ina ma zan je, tunda kowa ya ce ba ya hannunsa.

Talata, 30 ga Satumba, bayan la'asar

Gobe.

Laraba, 1 ga Oktoba, hantsi

Yau hutu. Rediyon maƙwabta sai jawabai yake yi.

Wata ƙawar Mansura ta kira ta daga Maigatari, ta ce maganar da ke yawo a gari ita ce Yaya ne ya rubuta littafin nan da ake saurare. Mansura ta ajiye wayar a kan tabarma ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Abban Ummi? Mutumin da ko saƙon waya sai ya yi min na murya saboda ƙyuyar rubutu?"

Ina tsince shinkafa a faranti. Ban ɗago ba. Na ji idonta a kaina har na gama.

Alhamis, 2 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Kawu ya je kasuwar Maigatari ko zai ji wani abu. Ya ce kara rabinta fili, mutanen hayi ba su shigo da shanu ba, an shafe bangon da farar ƙasa.

Ya kuma zo da suna. Wanda ya rasu a ƙofar kara ranar nan Ɗalha sunansa, dillalin awaki ne daga Gagarawa Tasha, mata ɗaya da 'ya'ya uku. Kawu ya san shi, ya taɓa sayar masa da bunsuru.

Sati biyu ina cewa "abin da ya faru". Da ma ban ji sunan ba.

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Da hantsi wani ya yi sallama a zaure, ya ce Malama Naja'atu yake nema. Kawu ya fito tare da ni. Mutum ne mai matsakaicin tsayi cikin farar shadda, tabarau a aljihun gaba. Ya durƙusa ya gaida Kawu kamar suruki. Ya ce sunansa Yazid. Bai faɗi inda yake aiki ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya roƙi Kawu ya ɗan ba mu wuri, Kawu ya koma bakin ƙofa inda yake ganinmu amma ba ya jinmu.

"Yayanki yana nan lafiya," in ji shi. "Yana cin abinci. Ya amsa cewa shi ya rubuta littafin."

Ya ci gaba.

"Sau biyu na karanta shi, Malama. Wurin da Rabi'atu take wa uwarta wankan gawa ta ga tabon da ke wuyan hannunta, sai da na ajiye waya na fita na sha iska. Na tambayi yayanki yadda aka yi ya san yadda mata suke wannan wanka. Ya ce a bakin matarsa ya ji. Na ce to mene ne sunan ƙanwar Rabi'atu. Ya yi tunani ya ce Larai." Ya ɗan murmusa. "Ba ta da ƙanwa, ko ba haka ba?"

Larai sunan Inna ne. Shi ne sunan da ya fara zo masa.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Ya ɗaga hannu.

"Kada ki faɗi abin da zai zame min dole in rubuta. Mu mun sami marubucinmu, takarda ta riga ta tafi sama da sunansa. Abin da ya rage babin ƙarshe ne. Mutane suna jira su ji yadda za ta kaya. So muke su ji Rabi'atu ta gane kuskurenta, ta miƙa hannu an dasa mata sabuwar lamba, ta ce mabiyanta su ma su miƙa. A sake shi ta wancan layin. In ya fita, yayanki ya dawo gida."

"In bai fita ba fa, yallaɓai?"

"Sai mu ci gaba da jira ya rubuta da kansa. Kwana tara ke nan yana riƙe da biro, layi biyu ya yi."

Ya rubuta lambar waya a wata 'yar takarda ya ajiye a kan dakali. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Na ga a takardunku mahaifiyarku ba a nan aka haife ta ba. Allah ya ƙara mata lafiya."

Kawu ya amsa da amin, bai san me aka ce ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan karin kumallo

Na sami Inna a madafi tana tankaɗe. Na tsuguna na ce akwai maganar da nake so in yi mata.

"Na sani," ta ce, ba ta daina ba. "Tun bara nake ganinki bayan asuba kin duƙufa a kan baƙar wayar nan, bakinki yana motsi. Shi kuwa tun yana lakwal sai da tsumagiya yake riƙe alƙalami."

Na faɗa mata abin da mutumin ya ce, ban da maganarsa ta bakin ƙofa. Na ce gara in je in ce ni ce.

"Ki je su riƙe min biyu?"

"Inna, abin da suke so in rubuta ƙarya ne."

Ta ajiye rariyar ta dube ni. Gari ya yi mata fari a gira.

"Duka ba ƙarya ba ce? Ba ke kika ƙaga ba? Abin da suka ce ki rubuta, ki rubuta musu. Ita wannan Rabi'atun ba ni na haife ta ba."

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan asuba

Shafi ɗaya. Na goge.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na yi shi a zama ɗaya lokacin tara, a ɗakin gwaje-gwaje, ƙofa a rufe. Rabi'atu ta tashi da safe ta ga cewa Hukuma uwa ce, ta nemi gafara, aka yafe mata. Shafi uku. Na tura wa lambar da ya bari.

Laraba, 8 ga Oktoba, azahar

Ya kira.

"Malama, wannan ko ɗan firamare ya san dole aka yi wa mai shi. In muka saki wannan gara ba a saki komai ba. A rubuta shi yadda aka rubuta sauran. A sa mu yarda."

Na ce ina so in ji muryar Yaya. Ya ce ba ya kusa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, la'asar

Sati biyu. Mansura ta daina cin tuwo, sai kunu. 'Yarsu Ummi tana wurin kakanninta a Maigatari, kullum sai ta sa an kira ta tambayi ko Abba ya gama gyaran wayar mutanen.

Ban rubuta komai ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Na gama.

Na sa Hukuma ta rufe famfunan unguwar da ta ɓoye marasa lamba. Kwana huɗu ba ɗigon ruwa. Na sa Rabi'atu ta bi gida-gida tana ganin abin da tawayenta ya jawo, har ta iso wurin wata tsohuwa da ta bi ta tun ranar farko. Leɓen tsohuwar ya tsattsage. Ba ta zarge ta ba, ta dai tambaye ta ko akwai labari. Daga nan Rabi'atu ta tafi ƙofar Hukuma da ƙafarta. Na rubuta yadda allurar ta shiga, da yadda na'ura ta kira ta da sunan da ba nata ba, ta amsa.

Na zaci zan sha wuya. Awa uku na yi, hannuna yana gudu kamar da can babin yana zaune yana jirana. Na sake karantawa, a duk littafin ba babin da ya kai shi.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Saƙonsa kalma biyu ne: Madalla. Saki.

Na kunna baƙar wayar karo na farko tun ranar da aka tafi da shi. Saƙonni suka yi ta shigowa har ta yi zafi a hannuna. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na saki babin na kashe ta.

Inna ta sa an share ɗakin zaure, ta ce a nan Yaya zai fara hutawa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, hantsi

Na kunna. Bai kamata ba.

Saƙonnin suna cewa an saye shi. Maci amana. Dama ɗan leƙen asiri ne, da gangan ya rubuta don a gane masu zafin kai. Yanzu duk sun san sunan, Abdurra'uf mai waya, har da masu kwatanta inda shagon yake. Wani ya rubuta: Ɗalha ya tafi a banza.

Sai wani daga can hayi, ya yi dogon saƙon murya. Ya ce ya yi kuka, ya ce gaskiyar Rabi'atu ce, talaka ba shi da abin yi sai miƙa hannu, ya gode wa marubucin da ya buɗe masa ido. Zagin bai yi min ciwon da wannan ya yi min ba.

Bai dawo ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, azahar

Lambar Yazid ba ta shiga.

Talata, 14 ga Oktoba, azahar

Ba ta shiga. Sau goma sha ɗaya.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Inna ta sake share ɗakin zaure. Ba wanda ya shiga tun ranar Asabar.

Alhamis, 16 ga Oktoba, kafin magariba

Mai shayin ya kira Mansura. An fasa ƙofar shagon da rana tsaka, kasuwa tana ci, an watsar da komai a titi an tattaka. Bai faɗi su wa ba, ya dai ce yaran da suke zama a bencin Yaya suna caji ne da yawansu.

Mansura ta shigo ɗakin Inna ta same ni ina ninke kaya. Ta jingina da bango, hannunta ɗaya a ƙarƙashin cikinta.

"Naja'atu, wayar tana ina?"

Shekara shida Anti Naja take ce min saboda Ummi. Na ce tana akwati.

"Kin ba su abin da suke so?"

"Na ba su."

"To ina yake?"

Ta tsaya tana jira kamar da gaske ina da amsa. Da ta gaji ta fita. Da za ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe uku

Ya dawo.

Wani direban motar riɗi ne ya gan shi da sassafe zaune a gefen titi kusa da mararrabar Gagarawa, ba takalmi. Ya ba direban lambar Kawu da ka. Kawu ya je ya ɗauko shi a babur, ya ɗaura shi a bayansa da rawani don kada ya zame.

An aske masa kai. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa, amma kamar ta aro. Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu tana kiran sunansa na yarinta. Mansura ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ba ta taɓa shi ba. Aka kawo fura, ya karɓi ludayi da hannun hagu.

Ni daga bakin ƙofa na ce masa sannu. Ya ce yauwa, Naja.

Asabar, 18 ga Oktoba, azahar

Barci yake yi. In an turo ƙofa ya zabura ya miƙe tsaye, hannaye a baya. Mun daina rufe ta.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya aiko Mansura ta kira ni, ita ta fita. Yana zaune a tabarma ya jingina da bango, hannun daman yana kan cinyarsa. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari.

"Kin san ban taɓa karanta shi ba? Ina tura wa mutane a memori, ban taɓa tsayawa na ji ba. A can na karanta. Kullum sai sun ba ni waya sun ce in karanta da ƙarfi, in na yi tuntuɓe su ce ya aka yi marubuci bai san rubutunsa ba. Wurin wankan gawar nan, Inna na riƙa gani. Na kasa wucewa. Ranar ce ta fi tsawo."

"Yaya, me ya sa ka ce kai ne?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Layina ne."

Na ce masa zan gyara, zan fito in faɗa wa mutane gaskiya su daina zaginsa. Sai na ga ransa ya ɓaci, karo na farko tun dawowarsa.

"Na dangwala musu yatsa a takarda cewa ni ne. In kin fito, ni maƙaryaci ne a wurinsu, ke kuma sabuwa. Sati uku na yi a wurin nan, Naja. Kada ki mayar min da shi banza. Littafin nan nawa ne, ni na fara shi, ni na ƙare shi yadda na ƙare shi. Kin ji?"

Na ce na ji.

"Ki kawo wayar."

Na kawo. Ya cire layin da haƙori saboda yatsun, ya karya shi biyu.

Talata, 21 ga Oktoba, hantsi

Wayar Kawu ta daina caji, ya miƙa masa, ina jin don ya faranta masa ne. Yaya ya ɗauki ƙaramin sukundireba. Sau uku yana faɗuwa. Ya mayar wa Kawu wayar ya ce sai an sayo wani abu a Kano.

Kawu ya ce in ya warware ya zo Sule Tankarkar su yi girbin wake, ba wanda ya damu da littafi a can.

Alhamis, 23 ga Oktoba, azahar

A ɗakin malamai an daina hira in na shigo. Wata ta ce min, da kyakkyawar niyya, ba laifina ba ne abin da yayana ya yi.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan magariba

Na roƙi Kawu ya kai ni Gagarawa Tasha. Inna ta auna min gero a buhu, ba ta tambayi dalili ba.

Hanya duk riɗi ne an yanka an jingina shi tsaye yana bushewa. Gidan yana bayan tsohuwar tashar jirgi, katangar kara, awaki biyu a turke. Kawu ya tsaya wurin maza a waje. Matar Ɗalha, Lauratu, tana zaune a tabarma cikin takaba tana ɓarar gyaɗa, ƙaramin ɗanta yana barci a cinyarta. Ba za ta wuce sa'ata ba.

Na yi mata gaisuwa. Ta amsa, ta tambayi daga ina. Na ce daga Gumel, ni ƙanwar Abdurra'uf ce mai waya.

Hannunta ya tsaya a cikin kwaryar. Na zaci za ta ce in tashi. Sai ta matsa ta ba ni gefen tabarma.

"An ce an sako shi."

"An sako shi."

"Da lafiyarsa?"

"Da sauƙi."

Ta ci gaba da ɓara, ni ma na sa hannu. Ta ce marigayin kullum in ya dawo daga kasuwa sai ya jingina waya da turmi ya kunna musu, ita tana tuƙa tuwo. Wani babin sau uku suka ji. Shi ma uwarsa 'yar hayi ce, ta ce, kuma tun yana yaro ake ce masa baƙo a garin da aka yanke masa cibiya. Ranar da abin ya faru ko karyawa bai yi ba, ya ce in ya sayar da akuyar Alhaji zai ci a can.

"An kunna min na ƙarshen," ta ce. "Ba shi ne ainihin ba, ko?"

Na duba ƙofa. Ba kowa sai awakin.

"Ba shi ba ne."

"Kin san na ainihin?"

"Ya taɓa faɗa min."

Sai na ba ta shi, ƙasa-ƙasa, yadda na tsara shi tun bara ban rubuta ba. Rabi'atu ta san hanyar bututun tun tana gyara, ta bi ta ƙarƙashin ƙasa da mutum goma sha biyu suka kai babbar na'ura. An kashe bakwai a ƙofa. Ita ta isa, ta goge lambobin duka, na mai mulki da na talaka. Da gari ya waye wata yarinya ta murɗa famfo ba ta miƙa hannu ba, ruwa ya zubo. Ina faɗa ina jin muryata tana ƙara ƙarfi, har na manta a inda nake.

Lauratu ta saurara har ƙarshe. Ta kori ƙuda daga fuskar yaron.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Da ya ji wannan da ya so shi."

Ta tattara ɓawon gyaɗar gefe guda da tafin hannu.

"Su bakwai ɗin nan da aka kashe a ƙofa, suna da iyali?"

Na ce ban sani ba. A raina ko suna ban ba su ba.

"In kin koma ki tambayar min yayanki. Wa ya riƙe 'ya'yansu bayan ruwan ya zubo? Ba faɗa nake ba. So nake in ji yadda ya tsara musu."

Na ce zan tambaye shi.

Ta yi godiyar geron, ta ce a gaida Inna.